Sinawa da Cinikin Sunayen Intanet: Darasi ga Mutanen Karkarar Kano



Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba wani irin ciniki wanda hajarsa ba ta aunuwa da mudu, watau cinikin sunayen adireshin intanet, da irin sunayen da Sinawa suka fi so a cikinsa, sa'an nan a ga abin da mutumin ƙasar Kano zai ƙaru da shi.

Duk wanda ya san ƙasar da ta tashi daga Ungogo zuwa Minjibir da Ɗambatta ya san cewa gona tana manne da gona, ba a barin ƙasa ta huta, sai dai a yi ta ba ta taki. Wannan shi ne yankin da masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarinsa tun wajejen 1960. Mutane na ƙaruwa, ƙasa ba ta ƙaruwa, saboda haka gona ta zama abin saye da sayarwa da jingina. To, haka gajerun sunayen intanet suke. A 1985 aka fara rajistar sunaye masu ƙarewa da .com, kuma ƙa'idar a yau ita ce wanda ya riga kowa shi ne mai suna, muddin yana biyan kuɗinsa na shekara. Sunaye masu haruffa biyu 676 ne kacal, masu lambobi uku kuwa 1,000. Ba a iya ƙara ko ɗaya.

Abin da Sinawa suka fara nuna sha'awarsa shi ne lambobi. Dalilin haka yana cikin harshensu. Rubutunsu ba na haruffan boko ba ne, lamba kuwa kowa ya san ta. Har ila yau, sunayen lambobi a bakinsu sun yi kama da waɗansu kalmomi. Lamba 8 ta yi kama da kalmar arziki, shi ya sa aka buɗe wasannin Olamfik na Beijing ran 8 ga watan 8, 2008. Lamba 4 ta yi kama da kalmar mutuwa, don haka suna mai ɗauke da ita yakan yi araha. Kamfanin Alibaba yana da kasuwar sari mai suna 1688.com, domin faɗar waɗannan lambobi ta yi kusa da sunan kamfanin. A 2015 aka ruwaito kamfanin Qihoo ya sayi 360.com daga hannun Vodafone a kan dala miliyan 17.

Abu na biyu shi ne gajarta. A 2014 Xiaomi ya sayi mi.com a kan dala miliyan 3.6, don baƙi su iya furta sunansa. Shekara guda kafin nan, kamfanin Jingdong ya koma amfani da jd.com, watau harafin farko na kowace gaɓar sunansa. Da yake galibin gaɓoɓin Sinanci da baƙi suke farawa in an rubuta su da boko, sai masu saye suka riƙa neman sunaye masu haruffa huɗu waɗanda babu a, e, i, o, u, ko v a cikinsu. Haruffa 20 ke nan suka rage, kuma sunaye 160,000 ake iya haɗawa da su.

A ƙarshen 2015 farashin irin waɗannan sunaye ya yi tashin gwauron zabi. Mafi yawan masu sayensu ba su da niyyar gina komai a kansu, suna jira ne kawai wani ya zo ya ba su riba, kamar mai ɓoye hatsi da kaka. Amma mai ɓoye hatsi ko kasuwa ta faɗi yana da tuwon da zai ci. Da farashi ya karye a 2016, da yawa suka tsinci kansu riƙe da haruffan da ba su da ma'ana ga kowa, ga kuma kuɗin shekara yana jiransu.

Daga nan za a fahimci cewa darajar suna daga bakin masu kiransa take fitowa. Bahaushe bai ga arziki a takwas ba, bai kuma ga mutuwa a huɗu ba. Kalmarsa da wasali take rayuwa. In an cire wasulan "riɗi" ko "zoɓo" babu abin da ya saura. Ɗalibin da ya kwashe guzurinsa ya sayi lambobi don ya ji Sinawa sun yi kuɗi da su, ya manta cewa kama da wane ba ta wane.

Duk da haka sanin ɗabi'arsu yana da amfani. A kasuwar Dawanau, cikin ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, ake tara riɗin da wani kaso nasa ƙasar Sin yake nufa. Ɗan kasuwar da yake son abokin cinikinsa Basine ya tuna adireshinsa, gara ya zaɓi gajere, ya kuma kauce wa lamba 4.

Sai dai aikin da ya fi gaggawa a gida yake. Ƙa'idar asali ta sunayen intanet ba ta san ɓ da ɗ da ƙ ba, saboda haka "ƙaya" da "kaya" suka zama abu guda. Sinawa sun tsaya wa rubutunsu, har a 2010 aka amince musu da adireshin ƙasa cikin haruffansu. A Nijeriya, ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ke kula da sunaye masu ƙarewa da .ng. Ya kamata ma'aikata su tabbata an yi rajistar sunayen garuruwa da kasuwanni da makarantu, ana kuma sabunta su a kan kari, malaman Hausa kuwa su daidaita yadda za a rubuta su. Hausawa sun ce suna linzami ne, kuma ba ƙaramar hasara ba ce mutum ya wayi gari ya tarar da linzamin dokinsa a hannun wani.