Jawabi a Kan Carar Zakara da Amfaninta ga Makiyayi da Ɗan Kasuwa

 

Wani zai ce me ya haɗa makiyayi da zancen zakara? To, ai duk mun sani da wuya motar shanu ta taso daga Bawku ko Bolga ko Tamale ta iso Ashaiman ba tare da kwandon kaji ko na zabi a kanta ba. Daga nan su bazu Nima da Mamobi har wajen Kasuwar Makola. Kuɗin kajin nan shi ne cefanen matanmu a ruga. Saboda haka ya kamata mu san abin da carar zakara take gaya mana.

Da farko, zakara ba hasken alfijir yake jira ba. A shekarar 2013 masana a Jami'ar Nagoya ta ƙasar Japan suka tsare zakaru a ɗaki mai ɗan haske wanda ba ya sauyawa dare da rana, amma duk da haka suka riƙa cara a kan lokacinsu, wato agogon yana cikin jikinsu. Sun kuma ga cewa sukan fara tun kimanin awa biyu kafin haske. A nan Ankara rana tana fitowa wajen ƙarfe shida duk shekara, ke nan carar farko tana iya zuwa tun ƙarfe huɗu. Daɗin daɗawa, fitilar mota ko carar wani zakara takan sa ya amsa. Don haka mai azumi a Nima, inda lantarki ba ya rabuwa da lungu, ya dogara ga kiran salla da agogo, ba ga zakara ba.

Na biyu, cara tana da tsari irin na fada. A shekarar 2015 waɗannan masana suka nuna cewa babban zakara shi ke fara cara da asuba, sauran su biyo baya bisa ga muƙaminsu. In aka ɗauke shi, mai bi masa ya gaji wurin. To, wanda ya tara zakaru yana son ya bar na iri, ya kasa kunne kwana biyu ko uku: mai buɗe baki da fari shi ne ya fi ƙarfin 'yan'uwansa.

Na uku, kowane iri da muryarsa. Zakaranmu na gida cararsa gajeriya ce, ba ta wuce daƙiƙa biyu ko uku ba. Ƙananan kaji muryarsu siririya ce mai kaifi, manya masu nauyi kuwa tasu mai kauri ce. A Turkiyya akwai irin Denizli wanda yakan ja cara daƙiƙa 20 ko fiye. A Japan akwai Tomaru da Totenko da Koeyoshi, waɗanda ake kiwo saboda tsawon murya, har hukuma ta sa su cikin abubuwan gadon ƙasa. A Indunusiya akwai wanda ake kira Ketawa, cararsa kamar dariyar mutum. Su kuwa kajin gidan gona na nama, ana yanka su suna da mako shida zuwa takwas, alhali zakara ba ya cara sosai sai ya kai wata huɗu ko biyar. Saboda haka in mai saye a Makola yana neman zakaran gida, cara shaida ce ta cewa ya girma.

Na huɗu, kuma shi ne mafi muhimmanci: zakaran da ya saba cara, in ya yi shiru, ko muryarsa ta dushe, kada mu yi sakaci. In aka ga yana haki, yana zawo kore, wuyansa ya murɗe, to alamar annobar nan ce da likitoci ke kira Niyukasil, mai share akurki musamman lokacin hunturu. Tana da rigakafi da ake ɗigawa a ido, a nemi ma'aikatan dabbobi na gunduma. Murar tsuntsaye ma ta ɓulla a Gana a 2007 kusa da Tema, ta sake dawowa a 2015 da 2021. Kada mu ɗora mara lafiya a mota don gudun hasara, domin kwando ɗaya ya isa ya kashe kajin unguwa. Sabon zakara kuma a ware shi mako biyu kafin a haɗa shi da na gida.

A ƙarshe, zango gida ne mai cunkoso. Zakaru da yawa a tsakar gida ɗaya sai gasar cara da faɗa, maƙwabci ya kasa barci. Zakara ɗaya ya ishi kaji goma. A kwantar da shi cikin akurki mai duhu, sauran a kai kasuwa. Hausawa sun ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi, amma kiwonsa da haƙƙin maƙwabci suna wuyanmu.

Allah ya kiyaye mana dukiyarmu, ya mai da kowa gida lafiya. Wassalam.