SHIRWA DA JAN-BAKI: WANE NE ƁARAWON MANOMI?

Ran kasuwa da marece, ma'aikacin gandun daji ya yi jawabi ga ƴan makarantar yaƙi da jahilci a wani gari na jihar Maraɗi. Ga abin da ya ce:

Jama'a, salamu alaikum. In shirwa ta gilma bisa gari, mata su yi ta kuwwa, yara su ɗebi duwatsu. In jan-baki ya sauka bisa ƙaya yana ƴan kuke-kukensa, ba mai kula shi. To, a auna su biyu a gani.

Shirwa babba ce, ga farce, ga baki mai lanƙwasa. Gaskiya ne tana sure ɗan tsako. Amma tana cin ɓera, da fara, da gina, da mushe. In wuta ta kama daji, ita ce ke shawagi cikin hayaƙi tana kama fara. Ɗan'uwanta shaho kuwa har jan-bakin yake farauta.

Jan-baki ƙarami ne, nauyinsa wajen garam 20. Amma raina kama ka ga gayya! Guda ɗaya yana cin tsaba wajen garam 10 a yini. Ke nan tsuntsu 250 suna iya cinye tiya guda ta hatsi. Kuma ba ɗari-ɗari suke zuwa ba, dubu-dubai ne, wani lokaci miliyoyi. In suka faɗa wa hatsi ko dawa lokacin da ido ke nuna, wahalar damana ta tafi banza.

Haihuwarsu ma ba ɗaya ba ce. Ƙwan jan-baki kwana 10 yake yi ya ƙyanƙyashe. Na shirwa sai ya kai wata guda, kuma biyu ne ko uku a shekara. In aka kashe ta, maye gurbinta da wuya. Ƙidayar da aka yi tsakanin 1969 da 2004 a Nijar, Mali da Burkina Faso ta nuna manyan tsuntsaye masu farauta sun ragu ƙwarai.

Don haka, a yi wa ƴan tsaki akurki. A hana yara kwasar ƙwan shirwa da na shaho. Kada a sa guba cikin mushe. Wanda ya ga inda jan-baki ke kwana ko yake sheƙa, ya gaya wa mai gari da malamin gona tun da wuri.

Da ya ƙare, wata tsohuwa ta ce: «To, tsakona fa?» Ya ce: «Iya, tsako na akurki ne. Rumbu fa?» Kowa ya yi dariya.