Wa Ya Ƙirga? Cinikin Fim a Kano, Daga Kwali Zuwa Tikiti

 

An nemi in yi magana a kan cinikin fina-finai wata-wata, wato wane fim ne ya yi kasuwa, wanne kuma ya yi kwantai. Zan faɗi inda na dosa tun yanzu don kada in wahalar da ku. Sana'ar fim ɗin Hausa ta haura shekara 30 tana ciyar da dubban gidaje a Kano, amma har yau ba ta da littafin ciniki da kowa zai iya buɗawa ya duba. Idan aka ce fim ya ci kasuwa, daga bakin mai fim ɗin aka ji. Idan aka ce ya faɗi, daga bakin abokin hamayyarsa aka ji. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin kuɗin mutane ne ke narkewa a cikin wannan duhu.

Babu wurin da ya fi nan yankin Gyadi-Gyadi da Tarauni dacewa da wannan magana. Wanda ya tashi daga Gyadi-Gyadi ya bi ta Dangi ya shiga Titin Gidan Zoo, ya shiga unguwar ofisoshin furodusoshi da ɗakunan tace fim, kuma a kan titin ne katafaren kantin Ado Bayero yake. Wanda ya juya ta Tarauni zai tarar da kasuwar waya ta Farm Centre, kusa da inda silimar Marhaba ta yi zamaninta. Tsakanin waɗannan wurare, da ɗan sahu zai kewaye su kafin shayi ya huce, aka yi yawancin ribar fim ɗin Hausa da asararsa a 'yan shekarun nan.

A zamanin kaset akwai ma'auni, ko da ba a rubuta shi a jarida ba. Bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, kasuwa ta zauna a kan wani tsari da dattawan sana'ar nan suka sani sarai. Furodusa zai buga kwalin fim ɗinsa, ya kai wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata tare da uwar kaset. Su ne za su naɗa a kasakasansu, su sa a kwali, su sayar. Ribar furodusa tana kan kwalin. Saboda haka in an ce fim ya yi kasuwa, ana nufin kwalinsa ya ƙare an koma maɗaba'a. In ya yi kwantai, ga kwalaye nan jibge a shago, kowa na gani. Sangaya na kamfanin Sarauniya a 1999 da Wasila na Yakubu Lere a 2000 ba su buƙaci kowa ya yi musu shela ba. Dillalan da ke zuwa sari daga Katsina da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram su ne shaida. Tsarin yana da zaluncinsa, don ɗan kasuwa kan riƙe kuɗin furodusa wata da watanni, kuma ana buga kwalin jabu. Amma ko ba komai akwai abin da ake ƙirgawa da hannu.

Silima kuwa tana nan tun kafin a haifi yawancinmu. An buɗe Rex a Kano a 1937, daga baya aka sami Palace da Plaza da Orion da Wapa da Eldorado da Marhaba. Gobarar silimar El-Duniya a 1951, wadda ta ci rayuka 331, ta ƙara wa mutanen gari ƙyamar wurin, kuma silima ta daɗe a matsayin wurin maza, wurin da mace mai mutunci ba ta zuwa. Furodusoshi kan haska sabon fim a waɗannan gidaje kafin su sake shi a kaset, su sami ɗan abin da za su rage bashi. Amma matan aure, waɗanda su ne ƙashin bayan masu kallon fim ɗin Hausa, a ɗakunansu suke kallo. Ku riƙe wannan, don shi ne ya sa tikiti bai taɓa zama cikakken ma'aunin fim ɗinmu ba.

Faifan CD ya gaji kaset, satar fasaha ta yi masa illa, sannan waya ta ƙarasa shi. Sai ga masu tura fim a Farm Centre da kowane lungu, sai ga fassarar fina-finan Indiya, wadda kamfanoni irin su Algaita suka yi fice a kanta, ta cika wayoyin jama'a da araha. Ƙofar Wambai ta daina sayen fim. A daidai wannan ƙunci ne Filmhouse ta buɗe silimar zamani a kantin Ado Bayero a 2015, mai rufi da sanyi da kujeru masu lamba, inda magidanci zai iya zuwa da iyalinsa ba tare da an nuna shi da baki ba. Masu fim suka ga mafita. Ali Nuhu ya kai Mansoor a lokacin Sallar 2017, jama'a suka yi cincirindo. Rahama Sadau ta fito da Rariya a shekarar. Abubakar Bashir Maishadda ya biyo da sabon Mujadala a 2018 da Hauwa Kulu a 2019, aka ga Mati a Zazzau a farkon 2020, aka ga Fanan a 2021, wanda waƙarsa ta riga shi shiga gari.

Waɗannan duk an ce sun yi kasuwa, kuma wanda ya ga layin masu sayen tikiti ba zai musa ba. To amma cikar ɗaki daban, riba daban. Bari mu yi lissafi na misali, ba na wani fim ba. A ɗauka ɗakin kallo yana cin mutum 150, tikiti kuma naira 2,000. Haskawa ɗaya in ɗaki ya cika maƙil ta ba da naira 300,000. A haska sau uku a rana har kwana 14, kullum a cike, an tara naira miliyan 12.6. A cire haraji, sannan gidan silima ya ɗauki kasonsa, wanda a al'adar sana'ar yakan kai rabi, yana kuma ƙaruwa in makonni suka tura. Abin da zai isa hannun furodusa bai kai miliyan 6.3 ba. In ya kashe miliyan 10 wajen ɗauka da biyan jarumai da waƙoƙi da talla, to an yi ta ɗaukar hoton cunkoso ana sawa a Instagram alhali uwar kuɗinsa ba ta dawo ba. Kuma ɗaki ba ya cika kullum. Ran Litinin da azahar wa zai zo?

Abokan sana'armu na Legas ba su fi mu iya ba da labari ba. Abin da suka fi mu shi ne yawan ɗakuna da kuma lissafi a fili. Fim ɗinsu yana fita rana ɗaya a gidajen silima masu yawa a Legas da Abuja da Ibadan da Fatakwal, kuma ƙungiyar masu gidajen silima ta ƙasa, CEAN, tana fitar da alƙaluman ciniki a kai a kai. Shi ya sa aka san cewa The Wedding Party na 2016 ya haura naira miliyan 400, kuma a Janairun 2024 A Tribe Called Judah na Funke Akindele ya zama fim ɗin Nijeriya na farko da ya tsallake naira biliyan 1. Da irin wannan takarda ake shiga banki. Da ita mai jari yake yarda ya zuba kuɗi. Namu furodusan in ya je wurin Alhaji neman jari, abin da zai nuna shi ne fasta da yawan mabiyan jarumarsa.

Akwai kuma abin da teburin wata-wata na ƙasa ba ya kamawa game da Kano. Babban watan cinikin 'yan Legas Disamba ne, lokacin Kirsimeti da hutun ƙarshen shekara. Mu kuwa kasuwarmu da ganin wata take tafiya. Azumi ya kama, kallo ya tsaya cak. Masu shiri mai dogon zango ma da yawa hutu suke tafiya. Ranar Sallah ƙarama kuma gari ya ɓalle, yara da 'yanmata da samari kowa da sabon ɗinki da kuɗin barka da Sallah a aljihu. Babbar Sallah ma ana samu, sai dai kuɗin rago ya riga ya taɓa aljihun magidanta. Tunda Sallah tana matsowa baya da kusan kwana 11 kowace shekara, wanda ya kwatanta Yunin bana da Yunin bara a Kano zai yi ta mamakin abin da ba abin mamaki ba ne. Sai an kwatanta Shawwal da Shawwal.

Wannan kuma ya haifar da wata masifa da nake ganin ta fi kashe fina-finai fiye da rashin kyau. Kowa yana son satin Sallah, ɗakunan kuwa ƙalilan ne, ga fina-finan Amurka da na kudu da na Indiya su ma suna neman lokaci. Wanda ya sami haskawar bayan la'asar da ta bayan magariba ya tsira. Wanda aka ba shi safiya ya faɗi tun kafin a ga fim ɗinsa, sannan a zauna a majalisa a ce labarinsa ne ba daɗi. Ba na cewa babu fim mara kyau. Akwai su, kuma biki ba ya ceton su. A Indiya, Thugs of Hindostan na Aamir Khan da Amitabh Bachchan ya fito a bikin Diwali na 2018, ya kafa tarihin ciniki a ranar farko, cikin 'yan kwanaki ya rushe, saboda waɗanda suka fara gani sun fito sun faɗa wa na waje gaskiya. Darasin yana cikin alƙaluman rana-rana: ranar farko aikin talla ce da sunan jarumi, mako na biyu shi ne hukuncin masu kallo. Mu da ba ma buga ko na wata, ta yaya matashin darakta zai gane ko fim ɗinsa ne ya gaza ko lokacin da aka ba shi?

Annobar korona ta rufe gidajen kallo a 2020, kuma a shekarar ce kasuwa ta sake sheƙa. Arewa24 ta riga ta saba wa jama'a da Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Gidan Badamasi. Sai Izzar So na Lawan Ahmad ya kama YouTube, Labarina na Aminu Saira ya kama talabijin da YouTube tare. Yanzu ga lamba a fili ƙarƙashin kowane shiri, kowa na gani, har wasu na cewa an huta da gardama. Ba a huta ba. Yawan kallo ba shi ne yawan kuɗi ba, domin abin da YouTube ke biya ya danganta da ƙasar da mai kallo yake da kuma tallar da aka sa masa. Mutum dubu a Saudiyya ko Ingila sun fi mutum dubu a Kano ko Maraɗi kawo kuɗi. Shi ya sa kuke ganin ana tsayar da labari a tsakiya a yi tallar fili ko maganin gargajiya. Da wannan tallar ake biyan 'yan wasa. Sannan mutum ɗaya zai sauke shiri da datarsa, ya tura wa mutum ɗari a rumfarsa a kan 'yan canji, kuma ko ɗaya daga cikin ɗarin nan ba ya cikin lambar da ke ƙarƙashin bidiyon. Masu kallonmu mafi yawa, na ƙauye da na cikin gida, su ne ba a ƙirgawa.

Ni a ganina kuskure ne a ci gaba da kallon masu tura fim a matsayin ɓarayi kawai. Su ne suka gaji Ƙofar Wambai, ko mun so ko mun ƙi, kuma babu wanda ya san abin da jama'a ke nema kamar yaron da ke zaune gaban kwamfuta a Farm Centre daga safe har dare. Ya san shirin da ake tambaya tun kafin ya fito, ya san wanda aka daina tambaya bayan kashi na biyar. Wannan ilimi ne mai tsada, kuma kullum zubewa yake yi.

Kar a ce fim ɗinmu ba shi da daraja a waje. Nijeriya ta miƙa The Milkmaid, wanda yawancinsa da Hausa ne, ga gasar Oscar, ta kuma miƙa Mai Martaba na Prince Daniel a 2024. Tun Janairun 2024 ɗan Kannywood, Ali Nuhu, ke shugabantar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya. Ƙofofi a buɗe suke. Abin da za a tambaye mu a bakin kowace ƙofa shi ne mutum nawa suka kalla, nawa aka kashe, nawa aka samu.

Abin da nake roƙo ba ya buƙatar gini ko kwangila. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta riga tana ganin kowane fim kafin ya fita, tana kuma yi wa masu sana'ar rajista. Ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN tana da furodusoshi a hannunta. Jami'ar Bayero, inda malamai irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu suka shafe shekaru suna nazarin wannan masana'anta, tana da ɗaliban da ke neman abin bincike. Su haɗu su riƙa fitar da takarda guda a ƙarshen kowane wata, da kwanan watan Musulunci a gefen na Bature. A rubuta sunan fim, da ranar da ya fita, da yawan haskawa da lokutan da aka ba shi, da tikitin da aka sayar kowace rana. A ƙara da yawan kallon YouTube a kwana 7 na farko da kwana 30. A zaɓi rumfuna 20 na masu tura fim, a fara da Farm Centre tunda ga ta nan kusa, su riƙa faɗin shiri 10 da aka fi nema a wurinsu. Furodusan da ya yarda ya bayyana abin da ya kashe a sa masa a gurbinsa; wanda bai yarda ba a bar gurbin fari, masu jari za su gani. Zan so a fara da Shawwal mai zuwa, tunda a watan ne ciniki ya fi yawa, gardama ma ta fi yawa.