Hawan jini da ƴan ƙwayoyi huɗu na wuya

Ga jawabin da wani likita ya yi wa ɗaliban yaƙi da jahilci, maza da mata, bayan an tashi daga karatu.

Lafiya uwar jiki ce. Maganar yau a kan hawan jini take, wanda ake ce ma tansiyo. Idan awon mutum ya kai 14 bisa 9 ko ya wuce, kuma aka sake awo wata rana aka samu haka, to yana da hawan jini. Sau da yawa ba ya jin ciwon komi, amma cutar tana cin zuciya da ƙoda da ƙwaƙwalwa a ɓoye.

A cikin wuyan ɗan Adam, bayan wurin da maƙoƙo yake fitowa, akwai wasu ƴan ƙwayoyi guda huɗu. Kowace ba ta fi ƙwayar shinkafa ba. Likitoci suna kiransu paratiroyid. Wani ɗan ƙasar Suwidin ne ya bayyana su a jikin mutum a shekarar 1880. Ba su ne ke kawo maƙoƙo ba. Aikinsu shi ne tsaron kalsiyom, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi da haƙori. In kalsiyom ya ragu cikin jini, sai su saki wani ruwa wanda ke ɗebo shi daga ƙashi, kamar yadda maigida ke buɗe rumbu in hatsi ya ƙare a tsakar gida.

Wani lokaci ɗaya daga cikinsu takan kumbura, ta yi ta ɗiba ba tsayawa. Sai ƙashi ya yi rauni, kalsiyom ya yi yawa cikin jini. Mai wannan ciwo yakan ji ƙishirwa da yawan fitsari da kasala da ciwon ƙashi, wani har tsakuwa ta fito masa a ƙoda. Da yawa daga cikinsu suna da hawan jini. Babban maganin shi ne aiki, a cire ƙwayar da ta lalace. Amma ko bayan aikin, jinin wasu ba ya sauka.

Akwai kuma masu ciwon ƙoda. Hawan jini da aka ƙyale yana kashe ƙoda, in ƙoda ta gaza kuma sai ƙwayoyin nan su yi ta aiki fiye da ƙima. Don haka ana ba wasu masu wankin ƙoda wani magani mai suna sinakalset, wanda aka fara sayarwa a Amurka a 2004. Shi yana kwantar da ƙwayoyin. Bincike ya nuna yana rage hawan jini, amma kaɗan ƙwarai. Ba zai maye gurbin maganin tansiyo ba. Yana iya sa kalsiyom ya faɗi sosai, har hannu da ƙafa su riƙa ɗaurewa. Shi ya sa ba a shansa sai da awon jini.

Mata masu ciki, ku kasa kunne. Inda abinci ba shi da isasshen kalsiyom, hawan jini ya fi kama mace mai ciki, har ya kai ta ga jijjiga. Tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a riƙa ba irin waɗannan mata ƙwayar kalsiyom kullum. Ku je awon ciki, ku tambayi ungozoma. Maza, ku bar matanku su je. Nono, miyar kuka, zogale, riɗi da ƙananan kifi masu ƙaya duk suna da kalsiyom.

Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe:

1. A je likita a auna jini ko ba a jin ciwo.
2. A rage gishiri da kanwa cikin abinci.
3. Wanda aka ɗora bisa maganin tansiyo kada ya bari don ya ji sauƙi.
4. Kada a sayi magani wurin masu talla a kasuwa.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.