Rigakafin Tarin Shiƙa da Yaran da ke Ɗauke da Ƙwayar Ƙanjamau



Tarin shiƙa, wanda wasu ke kira tarin lala, ba baƙo ba ne a gidajenmu. Yaro yakan yi ta tari jere da jere har numfashi ya ƙwace masa, sa'an nan ya ja iska da ƙara, sau da yawa kuma amai ya biyo baya. Jariri kuwa wani lokaci ko tarin ba ya yi, sai dai numfashin ya ɗauke. Jules Bordet da Octave Gengou ne suka ware ƙwayar cutar a Beljiyam cikin 1906. A yau a Nijeriya rigakafinta na cikin allurar nan mai kare cututtuka biyar, wadda aka soma bayarwa a 2012, ana kuwa yi wa jariri ita yana da mako 6, da 10, da 14.

To, allura ba ita ke yaƙi da cuta ba. Aikinta shi ne ta nuna wa jiki kamannin abokin gaba, jikin kuma ya ƙera makamansa na kariya, ya kuma riƙe kamannin don gaba. Wannan aiki ba ya kammaluwa sai da taimakon wasu ƙwayoyin jini da ake kira CD4, waɗanda su ne ke ba masu ƙera makaman umarni. Su ne kuwa ƙwayar ƙanjamau take fara kai wa hari. Saboda haka yaron da ke ɗauke da ita yana iya karɓar allurai ukun nan cif, katinsa ya cika da sa hannun ma'aikacin lafiya, amma makaman da jikinsa ya ƙera su kasance kaɗan, su kuma yi saurin raguwa. Wani bincike da aka yi a Kamaru da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, aka buga a 2009, ya tarar da haka: makaman yaran da ke da ƙwayar ba su kai na takwarorinsu ba.

Kada wani ya ce ashe allurar ba ta da amfani gare su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi musu ita a kan lokaci, domin babu ƙwaya mai rai a cikinta, ba kamar BCG ta tarin fuka ba, wadda ake jinkirta wa jaririn da aka tabbatar yana da ƙanjamau har sai magani ya kama shi. Kariya kaɗan ta fi babu, musamman ga wanda cutar za ta fi galabaitarwa.

A ganina, inda hankalinmu ya kamata ya koma shi ne lokacin soma maganin ƙanjamau. Binciken CHER na Afirka ta Kudu, wanda aka buga a 2008, ya nuna cewa soma wa jarirai magani da wuri ya rage mutuwarsu da kashi 76 cikin 100. Jaririn da aka soma wa magani tun kafin garkuwarsa ta rushe yakan fi amsa allura. Wanda aka makara kuwa, ko da CD4 ɗinsa sun farfaɗo, abin da jikin ya manta ba lalle ya dawo da kansa ba, shi ya sa likitoci kan duba ko yana bukatar ƙari. Ku da za ku riƙe ofisoshi gobe, ku lura: idan ɗakin rigakafi da ɗakin gwajin jarirai ba su san aikin juna ba, yaron ne ke faɗawa tsakani.

Akwai kuma jariran da uwayensu ke da ƙwayar amma su ba su kamu ba, su ne ma suka fi yawa yanzu. A Khayelitsha da ke birnin Cape Town, wani bincike na 2011 ya gano ana haihuwarsu da ƙarancin makaman da uwa ke ba ɗanta tun yana ciki. Amma da aka yi musu allurar, sai jikinsu ya amsa sosai, a kan tarin shiƙa ma har ya zarce na sauran jarirai. Haɗarinsu yana cikin makonnin farko ne, kafin allurar mako 6, shi ya sa jinkirin ko da mako biyu ba ƙaramin abu ba ne gare su.