Amsoshin Wasiƙunku: Gyaran Gidan Gado Don Lafiyar Yara

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani manomi a karkarar Gumel. Ya ce ya gaji gidan ƙasa daga mahaifinsa, yana son komawa da matarsa da yara huɗu, ga kuɗin riɗi ya shigo hannu. Tambayarsa ita ce, ya fara da sa kwano ne ko da shafe zaure da siminti?

To Malam, Allah ya sa albarka. Amma mu a namu ganin, kwano da adon zaure su ɗan dakata. Fara da abin da zai iya cin ran yaro.

Na farko, rijiya. A ɗaure bakinta da bulo da siminti, tsayinsa ya kai ƙugun babba, a yi mata murfi mai nauyi. Yaro mai rarrafe ba ya kuka in ya faɗa ruwa, sai dai a neme shi a rasa. Masai kuma ya yi nisa da rijiya kamar mita 30, wato taki 40, kuma ta wajen gangare. A tsuke bakinsa a rufe, saboda ƙafar yaro da ƙuda masu kawo gudawa.

Na biyu, katanga. Kafin damina a sake yaɓe, a gyara indararo, a duba azara ko gara ta ci. Ruwan Agusta ne ke kayar da bangon da aka yi wa sakaci, sau da yawa cikin dare ana barci. In za ka ɗebo ƙasar yaɓe ko ta daɓe, guji wurin da aka taɓa niƙa dutsen zinariya. A shekarar 2010, gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, domin ƙurarta ta gauraye da ƙasar tsakar gida inda suke wasa.

Na uku, madafi. A ɗaga murhu, a kewaye shi da ɗan gini, a buɗe taga hayaƙi ya fita. Hayaƙin itace na jawo wa jarirai ciwon haƙarƙari.

Na huɗu, maganin ƙwari. Ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhun wake tana fitar da iska mai kisa. Kada a kwana ɗaki ɗaya da buhunan, ka ji ko? Maganin feshi da kananzir kuwa a kulle su, kada a zuba a gorar lemo.

In kuɗi ya ragu, sai a sayi gidan sauro mai magani, a kafa turken awaki nesa da ɗakin yara. Kwano ya biyo baya, amma da silin, in ba haka ba zafin bazara zai hana kowa barci.

Rigakafi dai ya fi magani.