Alƙalamin Razdan da Amanar Ƙasa

Shugaban taro, iyayenmu malamai, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai.

Tun da na kama aiki a ofishin filaye da safiyo, duk abokin da na gamu da shi a kasuwar Sabon Gari gaisuwarsa ɗaya ce: “Ina fulotina?” Yau zan ba da amsa, amma sai na bi da ku ta tarihi.

Ina ɗalibi a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru, na fara karanta labarin wani Bature, Charles Temple. Shi ne Razdan na Bauci a 1902, lokacin ƙasar Jos tana ƙarƙashin lardin. Ya zama Babban Sakatare a 1910, kuma Mataimakin Gwamna mai riƙe da Arewa daga 1914 zuwa 1917. Aikin Razdan ya haɗa da rangadi, ƙiyasta haraji, raba gardamar iyaka, da duba buƙatun kamfanonin haƙar kuza.

Temple yana cikin kwamitin filaye na 1908, wanda ya haifar da dokar 1910. Dokar ta sa ƙasar Arewa a hannun Gwamna, ya riƙe ta domin amfanin 'yan ƙasa. Daga nan takardar izinin zama a fili ta samo asali. Dokar 1962 ta gaje ta, ta 1978 kuma ta yaɗa tsarin a duk Nijeriya.

A rubuce abin ya yi kyau. Amma alƙalamin gwamnatin nan shi ya ba kamfanoni gonakin mutanen Jos, kuma Kamfanin Neja yana karɓar rabin kuɗin da gwamnati ke samu daga ma'adinan. Ƙaramin jirgin ƙasan da ya tashi daga nan Zariya ya isa Jos a 1914, domin jigilar kuza aka shimfiɗa shi. An rufe layin a 1957, kududdufan kuwa suna nan har gobe. Tsofaffi ba su manta da ɗiban gwamna na 1942 zuwa 1944 ba, sa'ad da aka kwashi talakawa zuwa aikin kuza dole.

Bara aka kawo mini fayil ɗin wata gona a bayan Samaru, ana so in rubuta cewa ba mai ita. Da na je, sai na tarar da dawa ta yi kai, wata tsohuwa da jikokinta marayu suna korar tsuntsaye. Na mayar da fayil ɗin ban sa hannu ba. Wanda ya aiko shi, tare muka ci tuwon makaranta, har yau bai amsa sallamata.

To, 'yan'uwa, amsar ke nan: ba ni da fuloti. Ajiya ce a hannuna, mai ajiya kuwa ba ya kyauta. Malamanmu, haka kuka koya mana. Allah Ya saka muku da alheri, Ya ba mu ikon riƙe amana.